Bargon Mota

A duk faɗin garin babu wanda ya kai Manaja tausayin mota. Wannan ba ƙage ba ne, shi da bakinsa yake faɗa a gaban masu gidaje, hannu dafe da ƙirji. Sana'arsa wankin gine-gine ce. Yana da injin feshin ruwa, da ma'aikata, da jarkokin wani magani mai cin gansakuka da baƙin dattin da ke kama jikin bene. In aka kunna inji, ruwan maganin yakan tashi ya zama feshi, iska ta kwashe shi ta kai inda ta ga dama. Ɗigo ɗaya in ya sauka a jikin mota ya bushe, sai ya bar farin tabo a fenti, wanda ko kuka mutum zai yi ba ya fita. Saboda haka kafin a taɓa bango sai an tufatar da kowace mota da ke harabar. A shimfiɗa mata bargo mai laushi, a ɗora tamfol a kai, a ɗaure ƙasa da igiya, a naɗe madubai da leda. Manaja da kansa yake zagayawa yana gyara wa kowace ɗaya lulluɓinta, har yakan ɗan bubbuga ta a baya kamar mai lallashin jariri.

Da yamma tamfol yakan koma shago. Barguna kuwa gida ake kai su. Bakinsu ya ja ruwan da ya malalo daga bango, kuma ma'aikata sun naɗe su cikin tamfol ɗin da ya wuni yana shan feshi, don haka jiƙe sharkaf suke isowa, warinsu na sa hawaye. Sai a jibge su bakin famfon da ke ƙuryar gidan, daidai ƙofar ɗakin Yaya.

Yaya ita ce babbar yayar Manaja, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mijinta ya rasu take zaune a gidansa, a ɗan ɗakin da tun farko don ajiyar kaya aka gina shi. Ita kaɗai ce a duniya take kiransa Auta. Ba ya so, amma ya kasa hanawa.

Ranar da aka fara kawo bargunan, ta dubi tulinsu, ta dubi injin wankin da ke zaune a lungu cikin rigarsa mai furanni. Shi ma injin yana da riga, matar Manaja ce ta sa aka ɗinka masa, wadda kowa a gidan ke kira Madam.

"Me zai hana a zuba su a inji?" in ji Yaya.

Madam ta zaro ido. "A injina? Haba Yaya! Mai gyara ya ja mini kunne, ya ce ko warin maganin nan kada ya shiga cikinsa, robar ƙofar zai cinye. Kin san inji ba shi da juriya irin ta mutum."

Yaya ba ta yi musu ba. Ta janyo baho ta tara ruwa. Washegari da safe, ganin tafin hannunta ya yi ja, ta tare ƙanenta yana shirin fita.

"Auta, ka zo mini da safar hannu irin ta mutanenka."

Ma'aikatan Manaja suna da safar roba har gwiwar hannu, da tabarau, da abin rufe hanci, saboda masu gidaje sukan ɗauki hoton aiki, kuma hoto yana yawo. Ƙuryar gidan kuwa babu mai zuwa ɗaukar hoto. Manaja ya ajiye makullin motarsa ya zauna a bakin dakali, alamar za a yi karatu.

"Yaya, ba rowa nake miki ba, safa guda nawa take? Amma ki fahimta. Babban abokin gabar fenti ƙwayar yashi ce. Ƙwaya ɗaya in ta maƙale a bargo aka ja shi a jikin mota, shi ke nan ta karce ta. Ido ba ya ganinta, safa ba ta jin ta, sai fatar yatsa. Kuma da yatsa ne kawai za ki san magani ya fita. Muddin kina jin santsi, to da saura, ki yi ta ɗauraya har santsin ya tafi." Ya sassauta murya. "Ni fa hannunki na yarda da shi, shi ya sa ban kai wa bare ba."

Abin takaicin shi ne maganar ta yi mata daɗi har cikin rai. Wanda ya daɗe yana cin abinci a gidan wani, in aka ce masa yana da amfani, ba ya tsayawa tambayar wane iri.

Haka aikin ya zama nata. Ta jiƙa, ta matse, ta zubar, ta sake tarawa. Sannan ta shimfiɗa bargo a cinyarta ta bi shi kaɗan-kaɗan, tana murza shi tsakanin babban yatsa da sauran, tana farautar yashi. Santsin kuwa taurin kai gare shi. Ta ɗauraye har bayanta ya ƙage, ta taɓa, ta ji yana nan.

Cikin wannan hali 'yarta ta bugo waya. Ita ke nan gare ta, tana can wata ƙasa mai nisa ita da mijinta, kuma ga ta da cikin fari.

"Umma, ni dai ke nake so a kusa da ni," in ji 'yar. "Ba ni da kowa a nan. In ya tafi aiki sai ni da bango. Na nema miki rana a ofishin fasfo, za su ɗauki hotonki da zanen yatsunki, shi ke nan. Sauran duk mu za mu yi. Ke dai ki je ranar, kada ta wuce, don samun wata da wuya, kuma lokacina yana matsowa."

"Zan je, in Allah ya yarda. Ko da rarrafe ne."

Daga wannan rana Yaya ta zama wata iri. Tana wanki tana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa. Ta ciro wani farin yadi da ta daɗe da ɓoyewa a ƙasan akwati, ta yanka 'yan riguna ƙanana, tana ɗinka su da hannu in ta sami sarari. Manaja da ya ji labarin ya ce madalla, ya ce ai shi ya daɗe yana tunanin Yaya tana bukatar hutu. Daren ranar ya taho da ƙarin barguna, don ya sami kwangilar wasu benaye a jere, masu faffaɗan wurin ajiye motoci.

Jan da hannun ya yi bai koma ba. Fatar ta fara sheƙi, ta yi laushi, sannan ta soma saɓulewa a kan yatsu. Ruwan alwala ya koma yi mata zafi. Ta nuna wa Madam.

"Ruwan sanyi ne," in ji Madam, ba tare da ta ɗaga kai daga wayarta ba. "Ni ma haka nawa yake yi in na daɗe a ruwa." Rabon Madam da daɗewa a ruwa tun kafin injin ya sami riga. Ta shiga ɗaki ta fito da wata kwalbar man shafawa da ta kusa ƙarewa. "Ungo, mai tsada ne. Ki riƙa lakato na ƙasan."

Da ta nuna wa Auta, ya riƙe hannun ya jujjuya shi, ya ce girma ne. Ya ce fata takan yi haka in shekaru suka ja, ya ce ya tuna hannun mahaifiyarsu ma ya yi tauri a ƙarshe. Sannan ya baje nasa tafin a gabanta. "Dubi nawa. Shekara nawa ina cikin maganin nan, me ya same ni?" Hannun Manaja lafiya lau yake, babu ko ƙwarzane. Waya da makulli ba su taɓa cinye fatar kowa ba.

Daga saɓulewa sai tsagewa. Gaɓoɓin yatsun suka dare, suna fitar da ruwa, in ta lanƙwasa su sai jini. Allura ta fara gagararta. Takan ɗauke ta, ta kasa jin tana riƙe da ita, sai ta gan ta a ƙasa. Ta naɗe 'yan rigunan ta mayar akwati, ɗaya babu hannu, ɗaya babu wuya. Kofin shayi sai ta haɗa tafuka biyu take ɗaga shi. In 'yarta ta kira ta waya mai nuna fuska, sai ta jingina wayar da matashi, ta tura hannayenta ƙarƙashin mayafi, ta yi ta fara'a. Mai ciki ba a ɗaga mata hankali, haka ta ce wa kanta.

Wata safiya ta lallaɓa ta je wurin mai kemis na bakin titi. Dattijo ne mai yawan shiru. Ya sa tabarau ya dubi hannun, ya tambaye ta aikin da take yi, ta faɗa masa duka, har da batun santsi.

"Baiwar Allah," in ji shi, "wannan santsin da kike ji ba daga bargo yake ba. Maganin ne yake narkar da fatarki. Abin da kike ta ɗaurayewa kina jiran ya ƙare, jikinki ne. Ki daina taɓa ruwan nan daga yau. Ba gobe ba, yau."

Ta fito daga shagon. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar mijinta. Da yamma ta jira Manaja ya ci abinci ya sha ruwa, sannan ta maimaita masa maganar.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Mai kemis! Yaya, wa ya taɓa shiga kemis aka ce masa lafiyarsa kalau? Mai yake so ya sayar miki. In maganin nan yana narkar da mutum ai da ban bari ya shigo gidana ba, ina da iyali." Da ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya gyara zama. "To shi ke nan, tunda abin ya dame ki. Gobe zan kai wa mai wanki da guga."

Ya kai kuwa. Mai wanki ya jiƙa bargo ɗaya, ya tsoma hannu, ya zare, ya ɗaure sauran ya aiko da su kafin azahar, ya ce a gaya wa Manaja yana da 'ya'ya, da hannun nan yake ciyar da su. Manaja ya wuni yana faɗa a kan lalacin mutanen yanzu, waɗanda ba sa son aiki sai son banza. Bargunan suka dawo inda suka saba, bakin famfo.

"Kwana kaɗan ne, Yaya," in ji shi. "Da na gama kwangilar nan zan sayi inji na musamman don barguna. Na ma riga na ga irinsa."

A cikin makon aka yi babban rashi a gidan. Manaja ya dawo da wuri, fuska a murtuke, ya wuce ɗaki. Aka kai abinci ya dawo da shi. Madam ta kashe talabijin, ta hana yara motsi, tana tafiya da sanɗa. Yaya ta tsorata, ta zaci wani ma'aikaci ne ya faɗo daga bene.

"Wa ya rasu?" ta tambaya.

"Mota ce," Madam ta raɗa mata. "Ta wani babban ɗan haya. Da aka yaye bargo sai ga karce a ƙofa. Tun safe yake ba da haƙuri. Ki shiga ki yi masa jaje mana, Yaya, ke ce babba."

Yaya ta shiga, hannayenta naɗe da tsumma. Manaja na kwance rigingine yana kallon silin. Ya miƙo mata wayarsa, ya faɗaɗa hoton har sau biyu kafin ta hango abin, wani ɗan siririn layi da bai kai tsawon ashana ba.

"Sannu, Auta. Allah ya kiyaye gaba."

"Yashi ne, Yaya," ya ce da raunanniyar murya. "Ba na ɗora wa kowa laifi. Amma da can hannunki bai taɓa barin ƙwaya ta wuce ba. Ban san abin da ya shiga ranki ba kwanan nan. Ko zumuɗin tafiya ne."

Ta so ta ce masa yatsun sun daina jin komai, ko yashi ko allura ko zafin kofi. Ta dubi yadda ya rame a wuni ɗaya saboda ƙofar motar wani, sai ta haɗiye maganar. Tun daga ranar aka ce kowane bargo a riƙa bin sa sau biyu, ciki da baya, kuma a cire tsumman hannu lokacin bi, don tsumma ma yana ɓoye yashi.

Da ranar ofis ta matso, Yaya ta yi ta maza. Ta sami su biyun a falo suna kallo.

"Auta, ina roƙon arziki. A ɗaga mini wankin nan zuwa in je ofishin nan in dawo. Kada in je wa mutane da hannu haka."

Manaja ya buɗe baki, Madam ta riga shi. "Ai gaskiyarta ne, Baban yara, ta huta. Kowa ma yana son hutu. Ni kaina da zan samu da na yi." Ta juya ga Yaya da murmushi. "Sai dai kin san gidan nan kowa da abin da yake kamawa. In bargunan za su koma shago, to jarkokin magani ne za su rasa wuri, kuma dama ya daɗe yana cewa ɗakin nan na ƙurya ya fi dacewa da su, ni nake hana shi. Na ce ina Yaya za ta sa kanta?"

Manaja ya mai da hankalinsa kan talabijin kamar yau ya fara ganinta. Can ya ce, "Ba wanda ya kore ki, Yaya. Ai ma tafiya za ki yi, ki bar mu da kewa. Ɗan wannan da ya rage ki daure, ladan zumunci ne."

Ta daure. Har jajibirin ranar tana bakin famfo.

Manaja ya yi abin kirki, ya kai ta ofishin da motarsa ta aiki, ya ce in ta gama ta jira shi a bakin ƙofa. Ta sa tufafinta mafi kyau. Ta bi layi har aka kira ta wani ɗaki mai sanyi, inda wata ma'aikaciya ke zaune gaban kwamfuta, ga wani ɗan akwati mai gilashi yana ba da koren haske. Aka ɗauki hoto lafiya.

"Mama, ɗora yatsunki huɗu a nan."

Ta ɗora. Ma'aikaciyar ta dubi allo ta jira.

"Ɗan danna."

Ta danna har tsagar ta buɗe. Ma'aikaciyar ta goge gilashin, ta ce a gwada hagu. Aka gwada hagu, aka gwada manyan yatsu, aka koma dama. Ma'aikaciyar ta ce ta hura wa yatsun iska, ta ce ta shafa su a goshi. A allon babu abin da ya fito sai wani dusu-dusu mai kama da tabon mai a takarda. Matar ta kira wani abokin aikinta, ya ɗora nasa yatsan don a gani ko na'urar ce, nan take zanensa ya fito raɗau. Sai ta kama hannun Yaya a hankali ta juya shi sama, ta daɗe tana kallo.

"Mama, ƙonewa kika yi?"

"Wanki ne, 'yata."

"Zanen yatsunki ya shafe. Na'urar ba ta ma san an ɗora hannu ba." Ta rage murya. "Yakan dawo in fatar ta warke, amma sai kin huta da ruwa da sabulu na tsawon makonni, ko fiye. In ya dawo sai a sake nema miki wata rana. In kuma bai dawo ba, akwai hanyar takardar likita, amma tana da tsawo. Yaushe kike son tafiya?"

Yaya ta faɗa mata watan haihuwar. Matar ta sake goge gilashin da ba shi da datti.

A bakin ƙofa Yaya ta zauna a kan wani dakali ta yi kuka, irin na manya, wanda ba shi da sauti. Da Manaja ya iso ta faɗa masa. Ya girgiza kai ya yi tsaki.

"Na'urorin nan nasu! Duk tsofaffi ne. Kada ki damu, za a san abin yi. Shigo, zan ɗan biya ta wurin aiki, iska ta juya, kuma mai benen ya iso."

Wurin aikin wani dogon bene ne, rabinsa fari tas, rabinsa baƙi. An kashe inji ana shirin komawa ɗaya ɓangaren. Motoci na jere cikin lulluɓinsu, kowace an ɗaure ta tsaf. Guda ɗaya ce a buɗe, wata baƙar mota doguwa mai sheƙi, ta mai benen, wanda ya ajiye ta yanzun nan ya hau sama. Ma'aikata biyu na tsaye nesa da ita riƙe da bargo, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara matsawa. Baƙin fenti ba ya rufa wa kowa asiri, ko yaya aka taɓa shi sai shatin yatsa ya fito, kuma sun san bakin Manaja.

Warin jarkokin da ke bayan motar aiki ya hana Yaya zama a ciki. Ta fito. Ba ta karya ba tun safe, ga rana, ga kukan da ta sha. Ta yi taku kaɗan sai jiri ya ɗebe ta, ta kai hannu ta dafa abin da ya fi kusa.

"Yaya! Ɗaga hannunki!"

Tsawar ta sa har ma'aikatan suka zabura. Manaja ya taho da gudu, abin da rabonsa da yi an daɗe, yana zaro ƙyalle daga aljihu. Bai dubi fuskarta ba. Ya durƙusa gaban ƙofar baƙar motar, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya kare hasken rana da tafinsa, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa fentin. Sannan ya ɗago a hankali.

"Babu komai," ya ce. "Ko alama." Ya dubi hannunta, busasshe, sumul, ya sake duban motar. "Yaya, sake dafawa mu gani."

Ba ta motsa ba. Ya kama wuyan hannunta ya ɗora yatsun a kan fentin da kansa, ya ɗaga, ya leƙa. Fuskarsa ta washe, baki har kunne.

"Kai, ku zo ku ga ikon Allah! Ku kullum sai kun bar mini shatin yatsu a motar mutane, ina bi ina gogewa. Ga hannun da aka yi don baƙar mota! Yaya, ai daga yau ke za ki riƙa lulluɓe manyan motoci. Nan da bakin famfo duk ɗaya ne, har ma kin sha iska."

Ma'aikatan suka sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikinsu ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

A faɗi gaskiya, Manaja bai taɓa zagin yayarsa ba. Bai taɓa hana ta abinci ba, kuma duk wanda ya tambaye shi zai ce masa ita ce uwarsa a yanzu. A duk benayen da ya wanke a wannan kwangila, mota ɗaya ce tak ta sami karce, ita ma an biya mata gyara an ba mai ita haƙuri har gida. Injin Madam yana nan cikin rigarsa, robar ƙofarsa ko tsattsagewa ba ta yi ba. Duk abin da yake da fenti ko garanti a rayuwar Manaja an kare shi daga maganin nan. Yaya ce kawai ba a saya da kuɗi ba, don haka babu wanda ya san abin da za a yi asara in ta lalace.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ciro ta da tafuka biyu, ta ga hoton 'yarta. Ta ja yatsa a kan gilashin don ta amsa, wayar ta ci gaba da ƙara. Ta sake ja, ta danna, ta gwada wani yatsan. Ita ma wayar ba ta san an taɓa ta ba.

Manaja ya karɓe ta, ya shafa sau ɗaya ta amsa.

"A'a, 'yata ta kaina! Kawunki ne. Ya jikin? ... Eh, mun je, ni da kaina na kai ta. Ba a samu an yi ba yau, na'urarsu ce ta ba da matsala, kin san ofisoshin nan. ... Kwantar da hankalinki, da sauran lokaci. ... Lafiyarta kalau, ga ta nan kusa da ni, yanzun nan ma nake yabon ta a gaban mutane."

Daga inda take tsaye Yaya tana jin muryar 'yarta siririya tana cewa, "Kawu, ba ni Umma." Ta miƙa hannu a ba ta wayar.

Manaja ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, yana ci gaba da magana. Ya karɓi bargon daga hannun ma'aikacin, ya ɗora mata gefensa a tafin da ta miƙo, ya nuna mata baƙar motar da haɓa.